Yadda Na Sato Likkafanina

Asabar, bayan La'asar

Rubuta, Ramlatu. Fara da bismillah, sai ki sa sunana, Khadijatul Kubra 'yar Salihu, wadda mutanen unguwar Nakkasa ta Makka ke ce wa Hajja Kubra. Ki sa cewa ke kike rubutawa don ni ban yi makaranta ba, kuma yadda na faɗa za ki sa, kar ki gyara min baki. In ɗana Mukhtaru, da 'yan sanda suka tafi da shi, ya dawo a karanta masa, ya san ba kuka kawai uwarsa ta zauna yi ba.

Yanzu ina Aziziyya, a gidan Ramlatu da mijinta Malam Abdulhafiz, mutumin Kano mai karatun hadisi a jami'a. Yaji da daddawa take saye a wurina, iyakar dangantakar ke nan, amma ranar Litinin ɗin nan ita ta hau dutsen Nakkasa ta kamo hannuna. Ba zan yi maganar Litinin ba. Da abaya na fito, sai takalmi, shi ma wari da wari, ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa.

Su suna da iƙama, takardar zama a ƙasar nan. Ni ba ni da ita, ban taɓa riƙe ta ba tun shigowata ina yarinya. In an buga ƙofa bayi nake shiga. Kiran Mukhtaru nake jira.

Wayar ba ta yi ƙara ba.

Lahadi, da hantsi

Mai kawo gas ne. Na daɗe a bayi.

Talata, bayan Azahar

Fatsuma maƙwabciyata ta kira Ramlatu. Ta ce an shafa wa layinmu jan fenti gida gida, an kewaye shi da kwano, an sa mai gadi a bakin ƙofa. Katafila ta fara ci daga gindin dutse tana hawowa. Masu kwasar ƙarfe kuma suna gabanta, ba sa barin ko ƙusa.

Adakata ta ƙarfe ce. Tana ƙarƙashin gado.

Ki rubuta abin da ke ciki da kyau. Zugu ne, farin saƙi, likkafanina. Innata ce ta tsinci audugar da hannunta a gonakin Sudan, ta kaɗa zaren a Mai Wurno, wani masaƙi ɗan garinmu ya saƙa. Kashi uku ta yi shi. Ɗaya ita ta tafi da shi. Ɗaya na sa wa Dawuda, uban Mukhtaru. Na ukun nawa ne, na wanke shi da zamzam tun ina da haƙora.

Malam ya ji mu daga falo, ya ce, "Hajja, ki kwantar da hankalinki. A Makka likkafani kyauta ne, ba a taɓa barin kowa ba."

Na ce, "Malam, na sani. Na kyautar ba Inna ce ta kaɗa shi ba."

Yana da kirki, karatu ne ya yi masa yawa.

Wayar ba ta yi ƙara ba.

Laraba, bayan La'asar

Ban ci ba. Ramlatu ta gaji da lallashi, ta ɗauko wani ɗan abu kamar farce da aka aiko mata daga Kano, ta cusa a talabijin. Fim ɗin Indiya ne da aka sa masa Hausa. Na ce ta kashe, ni da ke cikin wannan hali. Ta ce to in juya baya. Na juya.

Sai na ji wani yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai tumbin nan naka shi kaɗai ya isa ya tsare garin nan." Na ɗan waiga.

Wani siririn yaro ne mai gashin baki da jar riga, ɓarawo, yana tsaye gaban babban ɗan sanda yana yi masa fadanci, hannunsa ɗaya kuwa yana kwance masa agogo. Ɗan sandan yana murmushi yana shafa tumbi. Ramlatu ta ce na yi dariya. Ni ban ji ba, amma ta rantse.

Ki rubuta na ci rabin faranti.

Alhamis, bayan Magariba

Mun sake kallonsa daga farko. Ni dai yaron nan ya shiga raina, na ce wa Ramlatu ta gaya wa Malam ya fara shirin ɗaura aure.

Abin da ya sa nake son sa, ba ya taɓa talaka. Sai wanda ya riga ya ci na mutane yake bi, irin manyan nan masu zobe a kowane yatsa. Ba ya duka, ba ya riƙe wuƙa, gaisuwa ce makaminsa. Kuma ba ya gudu, wannan ne ya fi tsaya min. Ni tun tasowata in na ga kaki ƙafata ke fara magana kafin bakina. Shi in ya ga kaki wurinsu yake nufa, ya tambaye su ya gida ya yara. Su ne ke ƙarewa a cikin kwata da hula a karkace, sannan a buga ganga kowa ya fito rawa, har matar ɗan sandan.

Na lura da wani abu kuma. Mutum ɗaya ne ke yi musu Hausar duka. Muryar da ke bakin ɓarawo ita ce a bakin ɗan sanda, ya dai ƙara mata kauri ne. Na ce wa Ramlatu ashe duk tsawar nan maƙogwaro ɗaya ne. Ta ce ita ba ta taɓa kula ba.

Malam ya shigo daidai ana rawa, ya ce a'uzubillahi, ya wuce ɗaki. Amma bai rufe ƙofar duka ba. Ki rubuta. Ki rubuta mana, ai ba zai karanta ba.

Juma'a, da Asuba

Na yi mafarkin Inna tana neman wani abu a ƙarƙashin gado. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Lahadi, bayan Azahar

Akwai wuri ɗaya a fim ɗin da na sa aka mayar min har Ramlatu ta ce yatsanta ya gaji. Mai tumbin ya ƙwace keken ɗinkin wani tsohon tela ya ajiye a gidansa, ga katanga, ga masu gadi da bindiga. Abokan yaron suna ta auna katanga suna neman tsani. Shi kuwa ya ɗauko ƙaton faranti ya cika da alewa, ya lulluɓe, ya ɗora a ka, ya nufi babbar ƙofa. Ya ce a ci albarkacin maigida. Masu gadi suka jingine bindiga suka sa hannu bibbiyu. Da zai fito kan keken yana kan farantin a lulluɓe, su suka riƙe masa ƙofa, suna sara masa da yatsu masu danƙo.

Na ce, "Ramlatu, kin taɓa ganin an tambayi mai rabon sadaka takarda a garin nan?"

Ta ce, "Hajja, me kike nufi?"

Na ce, "Hannun mai gadi biyu ne. In na cika su da shinkafa, da me zai riƙe ni?"

Ta ce ni da nake ɓuya wa mai gas. Na ce ai mai gas shi ya zo wurina. Wannan ni zan je.

Bayan na faɗa, na shiga bayi ba tare da kowa ya buga ƙofa ba.

Litinin

Yau ba za a rubuta komai ba.

Talata, bayan La'asar

Ramlatu na kicin, yau Malam ne da alƙalami. Malam, yadda na faɗa za ka sa, har abin da kai ka faɗa.

Na tambaye shi hukuncin wanda ya saci kayansa. Ya ce, "Hajja, mutum ba ya satar abin da yake nasa. Wannan ɗauka ce."

Gaskiya ya ɓata min. Na riga na sa rai ni ɓarauniya ce.

Ya ce abin da yake tsoro biyu ne, a kama ni, da kuma in yi ƙarya. Na ce na farkon na Allah ne, na biyun mu gyara shi. Ya ce in na ce sadaka ce to lalle ta zama sadaka har zuciya, ba tarko ba. Na ce na yi niyya ladan ya je wa Dawuda, shi ma da yana nan da shi za a je. Ya ce to da wane dalili zan wuce wurin cin abinci in hau har gidana? Na ce zan ce bayi nake nema, babu mai bin tsohuwa bayi. Ya ce in fitsari bai kama ni ba, ƙarya ce. Na ce zan sha shayi buta guda kafin mu fita.

Ya ajiye alƙalami ya rufe fuska da hannu, kafaɗarsa na rawa. Wai tari ne.

Sannan ya ce ba zai bar matarsa ta je Nakkasa ba muharrami ba. Na ce madalla, dama a fim akwai wanda ke jira da mota. Ya ce shi ba ya cikin kowane fim. Sa wannan ma, Malam.

Laraba, da hantsi

Fatsuma ta ce an rushe shagon mai burodi. Daga shi sai masallacin lungu, sai mu.

Matsala ta fito. Ramlatu ce ta gano ta. Zugu na mace ne, ƙyalle biyar, ba zai ɓuya a faranti ba, kuma Fatsuma ta ce duk wanda ya fito da ƙunshi sai an kwance an tambaye shi takardar gida. Muka mayar da fim ko yaron yana da wata dabara. Ba shi da ita. Na ji haushinsa yau, har gashin bakin ya daina yi min kyau.

Laraba, bayan Magariba

Tashi ki ɗauko littafin, na tuna.

Ranar da za mu hau jirgin ruwa daga Sawakin, mai jirgin ya ce ba a shiga da kaya, mutum da rigarsa kawai. Inna ta ja ni bayan wani kango, ta tuɓe, ta ba ni bakin zugun ta ce in riƙe da ƙarfi. Ta dinga juyawa tana naɗe shi a jikinta tun daga hammata har cinya, ta mayar da riga. Ta fito ƙatuwa, mai jirgin har yana cewa a matsa wa mai ciki. Haka zugun nan ya shigo ƙasar nan.

Shiga ta yaron ce, fita ta Inna. Gobe da azahar, lokacin da leburori ke hutawa.

Alhamis, bayan Asuba

Shinkafa buhari irin ta Larabawa, kaji, da yajina na ƙuli wanda ake ci da tsire. Na sha shayin. Ramlatu, in ban dawo ba ki ba Mukhtaru wannan. Ki ce masa... a'a, bar shi. Ɗauko min takalman.

Alhamis, bayan La'asar

Zauna. A'a, bar wankin tukunyar, zauna ki rubuta tun yana da zafi, ko da kin ga rabi da idonki.

Taksi ya sauke mu a gindin dutse. Malam ya tsaya da direba yana ta jan carbi kamar zai tsinka shi. Ramlatu ta ɗauki kula, ni na ɗora babban faranti a ka. Ƙafata ta fara maganar nan tata. Na ce mata yau ba ke za ki yi ba. Na tuna yadda yaron ke tafiya, kamar titin na ubansa ne ya ba mutane aro, na gwada. Da wari da warin takalmi ba ya fita sosai, amma na gwada.

Mai gadin ɗan Indiya ne, baƙi, gajere, yana zaune a inuwar kwano da waya a hannu. Ban jira ya tambaya ba. Na ce, "Fisabilillahi, sadaka ce ta mijina. Kira 'yan'uwanka." Ya miƙe har kujera ta faɗi. Kafin in sauke faranti leburori sun taru, 'yan Bangali, 'yan Yaman, kowa fari fat da ƙurar siminti. Ya sa hannu bibbiyu, wallahi kamar a talabijin. Na ce masa bayi. Kuma Malam ya sani ba ƙarya na yi ba, shayin nan ya riga ya iso. Ya nuna sama da ƙashin kaza, bai ko ɗago ba.

Na hau. Layin shiru, ba yaro ba akuya, sai maguna. Gidan Fatsuma ba tagogi. Nawa ba sai na buɗe ƙofa ba, tana yadda suka bar ta. Kofin shayin Mukhtaru na nan a ƙasa inda ya ajiye. Ban taɓa shi ba. Wuce wannan.

Na fara shiga bayin tukuna don magana ta cika. Sannan na durƙusa na jawo adaka. Yana nan, Ramlatu. Ƙamshin turaren da na sa masa yana nan.

Ba wanda zai riƙe min baki kamar yadda na riƙe wa Inna, sai na ɗaura a ƙarfen gado na dinga juyawa. Jiri ya ɗebe ni na zauna, na tashi na ci gaba. Ina cikin naɗawa na ce ikon Allah, ga mutum yana sa wa kansa likkafani da ransa, kuma sai murna yake. Na mayar da abaya da ƙyar. A bakin ƙofa na ga 'yan'uwan takalmana su ma wari da wari suna jirana. Na sa baƙaƙen biyu.

Saukowa ta fi hawa wuya. Na matse shi da yawa, gwiwa ba ta lanƙwasuwa, gumi kamar an zuba min bokiti. Ina tafe kamar agwagwa.

Mai gadi ya gama ci yana kallon wayarsa. Ya ɗago. Ya dubi cikina, ya dubi takalmi, ya sake duban cikina. Da guntun Larabcinsa ya ce, "Mama, mu muka ci, ke kika yi ƙiba?"

Ramlatu, na ga fuskarki a lokacin, kin yi kamar za ki faɗi. Amma daga wayar ina jin ganga irin tasu, ga wani a ciki yana gudu a kan rufin gidaje. Na leƙa na ce, "Wannan ɓarawo ne ko ɗan sanda?"

Ya ce, "Ɓarawo, Mama." Ya kaɗa kai irin nasu. "Amma mai kirki."

Ya tashi ya ja kwanon ya faɗaɗa min ƙofa, don ta dā ba za ta ɗauke ni ba.

Na ɗauka an gama. Muna fitowa sai ga motar sintiri a tsaye daidai bayan taksinmu. Malam ya zama kamar an dasa shi. Na ce Kubra kar ki yi sauri, yaron ba ya sauri. Dama ko na so ba zan iya ba. Mun wuce ta, mun kusa taksi, sai na ji daga baya ana kirana gwaggo da Larabci, "Ya khala. Ya khala, tsaya."

Na yi shahada. Na ce to ai ko ba komai a shirye nake, a cikin kayana za a same ni.

Na juya. Yaro ne, bai kai Mukhtaru ba, da kaki da komai, yana tafe da farantina a hannu, bakinsa da maiƙo. Ashe leburori sun ba su. Ya ce na manta farantina. Ya ce yajin nan irin na tsiren da mahaifiyarsa ke aikensa saye a unguwar Tandabawi ne yana ƙarami, ya daɗe bai ji shi ba. Ya ce in sa shi a addu'a.

Na ce Allah ya shirye ka, ya tsare ka daga zaluntar bayinsa. Ya ce amin. Ya ga na kasa shiga mota, shi ya riƙe min ƙofa, Ramlatu na turawa. Ɗan sanda, da hannunsa. Ja layi a ƙarƙashin wannan.

Muka wuce gada. Sannan Malam daga gaba ya ce, "Direba, ƙara wuta," da wata murya da ban san shi da ita ba. Na ce ashe ƙofar nan da ba ya rufewa ta yi aiki.

Juma'a, da hantsi

Jikina duk ciwo, haƙarƙarina ya yi shati. Na ci faranti biyu. Mai gas ya zo, ni na buɗe masa. Ya ce kusan sati uku yana zuwa bai san akwai tsohuwa a gidan ba.

Ramlatu ta ce a sake wanke zugun da zamzam saboda gumi. Na ce a bar shi. Na Inna ma yana ciki.

Asabar, bayan Azahar

Labari ya zaga. Fatsuma ta zo da kanta, wai turminta na can, ko zan taimaka. Na ce Fatsuma, turmi ba ya naɗuwa. Ta ce an rushe gidana jiya da yamma. Na tambaye ta kofin, sai na ce ta bar shi kawai.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Amma na yi barci.

Talata, bayan La'asar

Muna tsakiyar fim, daidai wurin alewa, wayar ta yi ƙara.

Mukhtaru ne. Yana Kano, can suka sauke shi. Garin da bai taɓa gani ba, yana magana rabi Larabci rabi Hausa, wai mutane suna yi masa dariya in ya buɗe baki. Malam ya karɓi wayar ya ba shi kwatancen gidansu, ya ce yayansa zai je ya ɗauko shi kafin Magariba. Mukhtaru ya rame, a murya na ji. Ban tambaye shi can inda suka ajiye su ba, shi ma bai faɗa ba.

Da aka dawo min da wayar ya ce, "Umma, an ce sun rushe layin. Ki yi haƙuri da adakar. Ita nake ta tunani duk kwanakin nan."

Na ce, "Adaka kam ta tafi. Amma kafin katafila ta iso ɓarauniya ta shiga gidan."

Ya ce, "Innalillahi. Har da zugun Kaka?"

Na ce, "Shi kaɗai ta ɗauka. Ga shi nan a ƙarƙashin kaina."

Ya ce bai gane ba. Na ce ya nemi wuri ya zauna. Ramlatu, tsayar da fim ɗin nan. Koma farkon littafin, matso da bakinki kusa da wayar, ki karanta masa a hankali, yadda na faɗa.